Wanda Ya Amsa Laifi, Ina Zai Kai Kukansa?

A ƙarshen shekarar 2011, a wani taron lauyoyi a Abuja, Alƙalin Alƙalan Najeriya na wancan lokaci, Mai shari'a Dahiru Musdapher, ya yi wata magana da jaridu suka daɗe suna juyawa. Ya soki wani salo da ya fara samun gindin zama a kotunan ƙasar nan, wato mai gabatar da ƙara da wanda ake tuhuma su zauna su daidaita tun kafin a shiga gaban alƙali: kai ka amsa laifi, ni kuma in rage maka tuhuma ko in roƙa maka sassauci. Ya ce abin baƙo ne a dokokinmu, asalinsa ma abin a bincika ne, kuma an kawo shi ne don a sama wa manyan ɓarayin baitulmali hanyar kuɓuta cikin sauƙi.

Mai maganar ɗan Babura ne. A can aka haife shi a 1942. Ya riƙe Babban Jojin tsohuwar jihar Kano tun mu 'yan Jigawa muna cikinta, sannan a 1985 ya koma Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda ya shekara 18 kafin ya haye Kotun Ƙoli a 2003. Duk tsawon shekarun nan aikinsa guda ne: a kawo masa hukuncin da wani alƙali ya riga ya yanke, ya duba ko an yi daidai. Ya rasu a Janairun 2018, Allah ya jiƙansa. Lokacin da ya yi waccan magana idonsa na kan manya, kuma yana da hujja. Amma salon da ya soka ya gangaro har kan yaran da ake kamawa da ƙullin wiwi ko katin taramol a tashar mota, kuma su abin da suke biya ya fi tsada, don da haƙƙinsu na ɗaukaka ƙara suke sayen sassaucin.

Wannan haƙƙi ba baƙo ba ne a wajenmu. Kafin samun 'yancin kai, shari'ar talakan Roni ko Gwiwa, a ƙasar Kazaure, a gaban alƙalin En'e take farawa. Alƙali na zaune a kan shimfiɗa, muhuti na gefe yana rubutu, ɗan doka na bakin ƙofa. Babu lauya, don doka ba ta yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ba. Littattafan Malikiyya ake hukunci da su, Risala da Muhtasar da Tuhfa. Wanda bai gamsu ba yana da inda zai kai. Mutumin Roni da na Gwiwa su nufi Kazaure, ga babban alƙali, ga majalisar Sarki. Na Babura kuwa Kano yake dosa, don a lokacin Babura ƙasar Kano ce, sai bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991 ta koma masarautar Ringim. Bayan duk wannan akwai Di'o, mai ikon buɗe littafin alƙali ya rage hukunci ko ya sa a sake shari'a.

Kada a ɗauka komai lafiya lau yake a wancan zamani. Talakan da zai miƙe ya ce hukuncin alƙalin gundumarsa bai yi masa ba, alhali gobe zai dawo ya zauna ƙarƙashin hakimin da ke gaisawa da alƙalin kullum safiya, sai mai ƙarfin zuciya. An samu iƙirarin da bulala ta fitar. 'Yan jam'iyyar NEPU na shekarun 1950 sun san yadda kotunan nan ke zama makami idan masu mulki sun ga dama. Sai dai a cikin fiƙihun da alƙalan ke riƙe da shi akwai abin da bai kamata mu manta ba.

Sulhu na nan, kuma ana son sa, amma a kan haƙƙin mutane: bashi, gona, rauni, har jini ma magada na iya yafewa su karɓi diyya. Laifin haddi kuwa, irin shan giya, da zarar ya isa gaban hukuma babu ceto, babu ciniki. Mutum zai ce ai wannan tsanani ne. To, amma a nan ne aka bar wa mai laifi wata ƙofa. Wanda ya yi iƙirari da bakinsa cewa ya sha giya ko ya yi zina, in ya janye maganarsa kafin a zartar da hukunci, ko ma ana cikin zartarwa, ana karɓar janyewar, haddin ya faɗi. Malamai sun san mutum na amsa laifi don tsoro, don kunya, don gajiya, ko don ya kare wani nasa. Haka alƙali shi ma ba a ɗaure shi da hukuncinsa na jiya ba. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari, wadda ɗaliban alƙalanci ke karantawa har gobe, ta hore shi kada hukuncin da ya riga ya yanke ya hana shi komawa ga gaskiya in ya gano ta. Wannan ƙa'ida ta yi aiki a idonmu. A Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin jifa da wata kotu a Bakori ta yanke wa wata mata, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne an hana matar janye iƙirarinta. Da a ce an sa ta ta dangwala hannu tun farko cewa ba za ta kai ƙara gaba ba, da babu wanda zai duba.

A 1960 kundin Final Kot ya maye gurbin hukuncin Malikiyya a shari'ar laifuka. A 1967 aka rushe kotunan sarakuna, a 1968 kotunan alƙalai suka bar hannun En'e suka zama kotunan yanki. An yi ta canja suna da tsari, har zuwa dawowar Shari'a a Jigawa a 2000, amma al'ada ɗaya ta tsira. Zauna a kotun shari'ar Musulunci a Kazaure ko Babura ka saurari ƙarshen hukunci, za ka ji alƙali ya rufe da cewa duk wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Da Hausa yake faɗa, a gaban kowa.

Shari'ar ƙwaya ita ta bi wata hanyar daban. A da abin mayen da aka sani a ƙauyukanmu bai wuce burkutu da zaƙami ba, kuma yaron da ya fara lalacewa mai unguwa da iyayensa ke tsawata masa tun magana ba ta kai kotu ba. Ana danganta yaɗuwar wiwi da sojojin da suka dawo daga Bama da Indiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da sojoji suka karɓi mulki a 1966, suka kafa dokar wiwi mai zafin gaske: mai nomanta kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, wanda aka kama da ita ko yana sha kuwa shekara 10 a ƙalla. A 1975 aka sassauta. Wani abin lura daga wancan lokaci shi ne manyan kotuna ba su ɗauki amsa laifi a matsayin ƙarshen magana ba. An samu shari'ar da aka soke ɗaurin wanda ya amsa da bakinsa cewa wiwi ce aka kama shi da ita, saboda ba a kawo shaidar masanin gwaji na gwamnati cewa ganyen wiwi ne ba. Hujjar a fili take: mutum na iya amsa cewa an kama shi da ganye, amma tabbatar da ko wane ganye ne aikin masani ne.

Sai 1984. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, ɗan maƙwabciyarmu Daura, ta kafa doka ta 20, wadda ta sa kisa a kan safarar hodar ibilis da makamantanta. Kotu ta musamman ke shari'ar, da sojoji a cikin masu zama, kuma babu ɗaukaka ƙara; majalisar ƙoli ta soja ce kawai ke tabbatar da hukunci. Aka kuma mayar da aikin dokar baya, ta hau kan laifin da aka yi tun ba a kafa ta ba. Ranar 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe mutum uku a Legas: Lawal Ojuolape da Bernard Ogedengbe da Bartholomew Owoh. Mutane da yawa sun yi na'am a lokacin, don sun gaji da yadda safarar ke zubar da mutuncin ƙasa. Amma batun hukunta mutum da dokar da ba ta nan ranar da ya yi laifi, tambaya ce da ya kamata wata kotu ta sama ta saurara, kuma ba a bar kowace kotu ta saurara ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta mayar da kisan ɗauri, ta buɗe wata kotun ɗaukaka ƙara ta musamman. A ƙarshen 1989 aka kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da doka ta 48. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, shari'o'in ƙwaya suka koma Babbar Kotun Tarayya, daga ita sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai Kotun Ƙoli. A takarda dai ƙofa ta sake buɗewa.

Salon da Mai shari'a Musdapher ya kira baƙo, a Amurka ya girma. A 1986 majalisarsu ta ɗaure hukuncin ƙwaya da nauyinta. Giram 5 na hodar ibilis daskararriya, wadda ake shan hayaƙinta, ya zama shekara 5 a ƙalla, daidai da giram 500 na garinta, kuma baƙar fata talakawa ne abin ya fi faɗa wa, har sai da aka rage tazarar a 2010. Tunda nauyin da aka rubuta a takardar tuhuma shi ke yanke shekaru, kuma mai gabatar da ƙara ne ke rubutawa, sai wuƙa da nama suka koma hannunsa. A 2012 Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta ambaci cewa kashi 97 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya ke samu da laifi amsawa suka yi, ba a yi shari'a ba. Tun daga shekarun 1990 kuma masu gabatar da ƙara suka fara cusa wani sharaɗi a cikin yarjejeniyar: wanda ake tuhuma ya yarda ba zai ɗaukaka ƙara ba. Wani bincike da malaman shari'a biyu, Nancy King da Michael O'Neill, suka wallafa a 2005 ya gano sharaɗin a kusan biyu cikin uku na yarjejeniyoyin da suka duba.

Babban aibin sharaɗin shi ne lokacin da ake sa masa hannu. Mutum na yafe haƙƙinsa ne tun alƙali bai furta hukunci ba, wato yana yafe kuskuren da ba a riga an yi ba, bai san girmansa ba. Ko a kara, wanda ya sayi saniya ya je gida ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, fiƙihu ya ba shi damar mayarwa. Nan kuwa shekarun mutum ake magana. Su kansu Amurkawa sun yi ta yi wa abin faci. A 1999 suka wajabta wa alƙali ya tabbatar wanda ake tuhuma ya fahimci sharaɗin, a 2019 kuma Kotun Ƙolinsu ta ce ko da an sa hannu, in mutum ya ce wa lauyansa ya shigar da ƙara sama, dole ya shigar. Kuma sun ga ranar da kuskure ya fito fili. A wani ɗakin gwaji a Boston an gano wata ma'aikaciya ta shekara da shekaru tana rubuta cewa kaya ƙwaya ne ba tare da ta gwada yadda ya kamata ba. A 2017 aka soke hukunci sama da 21,000 a lokaci guda, kuma akasarin mutanen amsa laifi suka yi.

A Najeriya kuwa, salon daidaitawar ta ƙofar hukumar EFCC mai yaƙi da almundahana ya shigo. Tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Tafa Balogun ya samu wata shida a 2005. Tsohon gwamnan Edo Lucky Igbinedion ya fita da tarar naira miliyan uku da rabi a 2008. Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ta samu wata shida a 2010 bayan ta sallama kadarori. Waɗannan ne suka ɓata wa Mai shari'a rai. Bayan ya bar kujera, a watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka, kuma sashe na 270 ya halatta yarjejeniyar a kotunan tarayya. Sashen na da kyawawan sharuɗɗa. Dole a rubuta yarjejeniyar. Alƙali ba ya shiga cinikin. Dole ya tambayi wanda ake tuhuma ko da son ransa ya amsa. In ya ga laifin ya cancanci hukuncin da ya fi wanda aka daidaita a kai, sai ya sanar da mutumin, shi kuma yana iya janyewa a sake shari'a a gaban wani alƙali. Amma a ƙarshen sashen aka rubuta cewa hukuncin da ya fito daga yarjejeniya ya zama na ƙarshe, babu ɗaukaka ƙara sai in ana zargin zamba. Abin da mai gabatar da ƙara ke roƙa a Amurka, mu doka ce ta ba shi kyauta. Daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa wannan ƙaramin sashe ya ci karo da sashe na 241 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowa damar ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe na babbar kotu. Wannan hukunci ya yi daidai, kuma ya kamata lauyoyinmu su riƙe shi da kyau.

Sai dai yaron Gwiwa da aka kama da kwalaben kodin ko ƙullin wiwi, da wuya ya ga wata rubutacciyar yarjejeniya. Tasa a barandar kotu ake ƙulla ta. Babbar Kotun Tarayya a Dutse take, kuma daga ƙasar Kazaure galibi sai an bi ta Ɗambatta an ratsa Kano kafin a kai. Uwa ta sayar da akuya ta yi kuɗin mota, ita da kawun yaron. Lauya ya ja su gefe.

"Inna, in ya musa, shari'ar nan za ta ja, kuma yana tsare. In ya amsa, zan roƙi sassauci, wataƙila a ƙirga masa zaman da ya riga ya yi, ko a ba shi zaɓin tara."

"Barista, kai ka san hanya. Ni dai a ba ni ɗana."

Lauyan ba ƙarya ya yi ba. Dokar NDLEA ta sa shekara 15 zuwa 25 a kan mallakar miyagun ƙwayoyi, ɗaurin rai da rai a kan fatauci, amma alƙalai kan sauko ƙasa ƙwarai ga wanda ya amsa bai ɓata wa kotu lokaci ba. A gidajen gyaran hali na ƙasar nan kuwa kusan biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi. Duk wanda ya yi lissafi zai ga amsawa ta fi kusa da gida. Matsalar ita ce lissafin ɗaya ne ga mai laifi da marar laifi. Ɗan acaɓan da aka ba shi saƙo bai san abin da ke ciki ba, da dilan da ya ba shi, shawara ɗaya za a ba su. A shiga ciki, a karanta tuhuma da Turanci, tafinta ya juya a gurguje, yaro ya ce ya amsa, a miƙa takardar gwaji da ta nauyi, babu mai ja. Kafin azahar an gama.

Daga ranar yana da kwana 90 ya kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda yanzu ke da reshe a Kano, bayan shekarun da sai an je Kaduna. Wa zai gaya masa? In an gaya masa, da wane kuɗi za a haɗa takardun shari'a a ɗauki lauya? Hukumar ba da lauya kyauta na nan tun 1976, amma lauyoyinta ba su isa ko'ina ba. Kuma kotunan sama sun sha cewa wanda ya amsa laifi da bakinsa, da lauyansa a gefe, da wuya a saurari kukansa a kan samunsa da laifi. Haka haƙƙin ke salwanta ba tare da kowa ya sa hannu a komai ba. Ga shi kuwa akwai abubuwan da ke buƙatar ido na biyu ko da yaro ya yi laifin: ko an auna kayan daidai, ko abin da aka gwada shi ne abin da aka kama, ko yaron ya kai shekara 18, ko ya fahimci bambancin tuhumar mallaka da ta fatauci kafin ya ce ya amsa, ko an ƙirga masa watannin da ya yi a tsare. Kowanne daga cikinsu na iya zama shekaru a rayuwar mutum.

Na san abin da iyaye da yawa za su ce, kuma ina tare da su a zafin da suke ji. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin tarayya suka fitar a farkon 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya ke ta'ammali da ƙwaya. Ba ma buƙatar bincike mu san abin da kodin ya yi wa gidajen aure kafin a hana shi a Mayun 2018, ko abin da taramol ke yi wa samari masu aikin ƙarfi. Babura na bakin iyaka da Nijar, hanyar Kano zuwa Daura ta ratsa Kazaure, kaya na wucewa. Wanda ɗansa ya haukace saboda ƙwaya ba zai so jin zancen haƙƙin dila ba. Kotuna kuma sun cika, in aka ce kowace shari'a sai an kira shaidu, jiran ma zai ƙaru. Ban ƙi a yi wa wanda ya amsa laifinsa sassauci ba. Addini da al'ada duk sun san darajar wanda ya faɗi gaskiya a kan kansa. Abin da na ƙi shi ne a ce sai ya rufe bakinsa har abada kafin a sassauta masa. Babban dila na da lauyoyin da za su karanta masa kowane layi, in ya yafe wani abu ya san abin da ya yafe. Wanda ke yafewa a makance shi ne ƙaramin da aka aika, kuma ɗaure shi bisa kuskure bai rage ko kwalba ɗaya a kasuwa ba.

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Majalisar tarayya ta goge wancan ƙaramin sashe daga dokar 2015, tunda kotu ta riga ta nuna ba shi da ƙafar tsayawa. Kada a karɓi amsa laifi a shari'ar ƙwaya sai an karanta wa mutum sakamakon gwaji da nauyi cikin harshen da yake ji, kamar yadda sashe na 36 na tsarin mulki ya riga ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta. Masarautun Kazaure da Ringim, da lauyoyi 'yan asalin yankin nan, za su iya sa wani ya riƙa leƙa yaranmu da aka yanke wa hukunci tun kwana 90 ba su cika ba. Sannan jojin Babbar Kotun Tarayya, in ya gama karanta hukunci da Turanci, ya sa tafinta ya juya ya gaya wa yaron da uwarsa da Hausa, sannu a hankali, kwana nawa suke da shi da kotun da za su nufa.